Hanyar Dutsen Jira

Shamsiya ƴar Maradi ce, amma shekararta shida ke nan a Lyon. Nan ta yi karatun harkar yawon buɗe ido, nan kuma ta samu aiki a wani ƙaramin biro, wato ofis, na shirya tafiye-tafiye a unguwar Guillotière, tsakanin wani mahauci ɗan Aljeriya da shagon gyaran salula. Mai biron, Madam Inès, mace ce mai saurin magana da saurin yanke shawara, ba ta kuma yarda da abin da ba ta gani ba.

Wata Talata cikin watan Maris ta ajiye wa Shamsiya wata takarda mai hotuna a kan teburi.

"Ɗaliban ƙasarku sun zo jiya ba kya nan," in ji ta. "Su talatin da huɗu ne. Teku suke son gani a watan Mayu, kuma ba sa son inda kowa ke zuwa. Ga wani tsibiri can gaɓar Bretagne, Tréveno sunansa. Ki je ki duba. Duk abin da suka rubuta a nan, ki taka shi da ƙafarki kafin mu kai ƴaƴan mutane."

Shamsiya ta buɗe takardar. Tsibirin ƙarami ne, mazaunansa ba su kai ɗari biyu ba, dukansu jikokin masunta. Akwai hasumiyar fitila da ke nuna wa jiragen ruwa hanya, da gidan tarihin kamun kifin sardin, da gidajen dutse masu shuɗɗan ƙofofi, da wata ƴar majami'a ta masunta. Hoto mafi girma kuwa na wani baƙin dutse ne can cikin teku, mai suna Dutsen Jira. An rubuta cewa in ruwa ya janye ana zuwa wurinsa da ƙafa, a kan yashi, tafiyar kilomita biyu. Awa uku mutum yake da su kafin teku ya dawo.

Jirgin ƙasan da zai kai ta can daga Paris yake tashi, saboda haka ta sauka wurin wanta Bukari, wanda ke zaune da iyalinsa kusa da unguwar Barbès. Shekara goma sha ɗaya yana aiki a babbar kasuwar Rungis, a rumfar kifi, yana tura akwatunan ƙanƙara. Hannuwansa sun yi kaushi, ƙanshin teku kuma ba ya rabuwa da rigarsa kome wanki. Da ta faɗa masa inda za ta, sai ya ajiye kofin shayinsa.

"Ke kaɗai?"

"Aiki ne, Yaya. Kwana ɗaya zan yi."

"To, ni ma ina da hutun Lahadi da Litinin. Tare za mu. Kifin nan ya karya mini baya shekara da shekaru, ban taɓa ganin gidansu ba."

Ta yi dariya, amma shi bai yi ba. Sai a cikin jirgi, bayan sun wuce Le Mans, ya faɗa mata dalili. Akwai wani dattijo ɗan Bretagne da suke aiki tare. Da Bukari ya ambaci sunan tsibirin, mutumin ya daina abin da yake yi, ya dube shi, ya ce in sun je kada su shiga yashi sai sun tambayi tsofaffin wurin.

"Mi ya sa?" in ji Shamsiya.

"Bai ce ba. Ya koma ga akwatinsa."

Sun kwana a garin da ke bakin gaɓa, da safe suka hau ƙaramin jirgin ruwa. Bukari ya zauna a tsakiya, ya riƙe benci da hannu biyu, bai dubi ruwan ba har suka isa. Bai iya iyo ba. Ita ma abin da ta iya bai wuce tsallaka tafkin wanka na jami'a sau ɗaya ba, tana haki.

A bakin tasha wani mutum mai jar riga ya tarbe su da fara'a. Monsieur Le Guen ne, shugaban kwamitin da ke neman jawo baƙi zuwa tsibirin. Ya zaga da su yana bayani ba tsayawa. Suka hau hasumiyar fitila, matakala ɗari da goma sha biyu, Shamsiya tana ƙirgawa saboda ta rubuta. Suka shiga gidan tarihi, inda aka rataye tsofaffin ragar kamun kifi da takalman katako da hotunan mata suna jera sardin a gwangwani. Wurin yana da kyau, babu shakka. Sai dai shirun ya yi yawa. Cikin gidaje goma, bakwai a rufe suke, tagoginsu a toshe da katako. Kwalekwalen da ke tashar guda huɗu ne kawai ke da alamar ana aiki da su, sauran sun kife a kan duwatsu, fenti ya ɓare.

"Kifi ya yi nisa, matasa sun tafi," in ji Le Guen. "In baƙi ba su zo ba, nan da shekara goma makarantarmu da gidan burodinmu sun rufe. Kin gane abin da ya sa zuwanki ya yi mana daɗi."

Majami'ar ce ta ƙarshe. Ƴar ƙarama ce, mai sanyi, an rataye wani ɗan kwalekwalen katako daga rufinta. Bango ɗaya cike yake da alluna, kowanne da suna da shekara da sunan jirgi: mutanen da suka fita su ba su dawo ba. Bukari ya tsaya daga ƙofa, ya cire hularsa ta sanyi ya sake mayarwa, bai san wanne ya dace ba. A ciki wata tsohuwa tana canja ruwan furanni. Le Guen ya ce Madam Soizic ce, ita ke riƙe da mabuɗin wurin.

Tsohuwar ta dubi takardar da ke hannun Shamsiya, ta dubi takalmanta.

"Dutsen za ku?"

"I, Madam. Ƙarfe ɗaya ruwa zai gama janyewa."

"Takardar nan ta bara ce. Guguwar watan Janairu ta kwashe yashi, ta haƙa sabon kwari a nan kusa da gaɓa. Yanzu ruwa ba daga gabanki yake zuwa ba, ƴata. Ta baya yake zagayowa. Kina kallon teku can nesa kina cewa da saura, alhali ya riga ya rufe miki hanyar gida."

Le Guen ya yi murmushi, ya kama hannun tsohuwar a hankali, ya ce mata wani abu da yaren wurin. Da suka fita sai ya rage murya.

"Mijinta da ɗanta suna kan bangon can. Kowace shekara da abin da take faɗa. Ni da kaina na je dutsen watan jiya, na dawo ƙafata a bushe."

Shamsiya ta tsaya tana tunani. Ta tuna maganar abokin aikin Bukari. Ta kuma tuna cewa hoton dutsen ne ɗaliban suka gani suka zaɓi tsibirin, kuma an aiko ta ne ta taka da ƙafarta. Sai ta raba gardama: za ta je, amma ba za ta ci awa uku ba. Rabin awa zuwa, minti goma a can, rabin awa dawowa. Ta roƙi Le Guen ya raka su, ya ce yana da taro a ofishin magajin gari.

"Yaya, ka jira ni a nan," ta ce wa Bukari.

"In bar ki ki shiga wanga wuri ke ɗaya? In wani abu ya same ki, mi zan faɗa wa Inna?"

Suka yi azahar a bayan wata rumfar ajiye raga, suka gangara. A bakin hanyar akwai allo mai hoton mutum yana tafiya, da rubutun awa uku. Tekun ya janye har ba a jin motsinsa. Yashi ne shimfiɗe iyakar gani, mai laushi, mai tsagi-tsagi, da ƙananan ƙaguwa suna gudu suna nutsewa. Ba su yi nisa ba suka sauka cikin wani kwari mai faɗi, ruwansa bai kai idon sawu ba, suka tsallaka suka hau. Shamsiya ta duba taswirar da ke takardar. Babu kwarin a ciki. Ta ƙara sauri.

A tsakiyar hanya suka wuce wani dogon ginshiƙin ƙarfe mai tsani, da ɗan dandamali a samansa kewaye da shingen ƙarfe. Mafaka ce ta wanda ruwa ya rutsa da shi. Tsatsa ta ci shi.

Dutsen ya fi yadda yake a hoto girma da muni. Baƙi ne wuluk, mai santsi, ciyawar teku ta lulluɓe shi har ƙoli. A da, in ji takardar, matan masunta nan suke zuwa su hango ko kwalekwalen mazansu sun ɓullo. Shamsiya ta ɗauki hoto huɗu. Bukari ya tsuguna yana duban wasu ƙananan kawa, ƴan halittun ruwa masu ɓawo, da suka manne a jikin dutsen, yana faɗa mata sunansu da Faransanci, a karo na farko tun safe fuskarsa ta saki.

Da ta ɗaga kai, hasumiyar fitilar ta ɓace.

Ba ta ga zuwan hazon ba. Fari ne, mai danshi, ya taso daga teku ba iska ba ƙara, ya haɗiye tsibirin gaba ɗaya, sannan ya soma cin yashin da ke tsakaninsu da shi.

"Yaya, tashi mu tafi."

Suka bi sawunsu. Da farko sawun a fili yake, sahu biyu a jere. Can sai ta ga kowane sawu ya cika da ruwa. Can kuma babu sawun, sai wani siririn ruwa da ke malala a kan yashi, yana tura kumfa a gabansa. Suka wuce ginshiƙin, ta gan shi dishi-dishi a hannun dama. Minti biyar bayan nan suka ji ƙara a gabansu, irin ta kogi in an yi ruwan sama mai yawa.

Kwarin ne. Ruwan da bai kai idon sawu ba ɗazu ya zama gulbi mai gudu, ba a ganin ɗaya gaɓar. Bukari ya sa ƙafa ɗaya, ruwan ya kai masa gwiwa nan take, yashin ƙasa ya zame. Ta cafko rigarsa ta baya da hannu biyu ta fizgo shi, suka faɗi tare.

"Inna lillahi," in ji shi. "Shamsi, ina hanya?"

"Ƙarfen nan. Mu koma ga ƙarfen."

Juyawar ita ce abin da ta fi tsoro a ranar, domin ko'ina fari ne, kuma in suka kauce da taki ashirin za su wuce shi ba su sani ba. Ta kama hannun wanta kamar yadda shi yake kama nata suna yara in za su tsallaka titin kasuwa. Ta bar ƙarar kwarin a bayanta daidai ƙeya, tana tafiya tana ƙirga taki. Ruwa ya kai ƙwauri. Sanyinsa kamar ana yanka ƙafa. A taki na ɗari huɗu da wani abu Bukari ya yi karo da ginshiƙin da kafaɗa.

Matakin tsanin na uku ya karye tun da daɗewa. Ya ɗaga ta ta kama na huɗu, sannan ya hau a bayanta yana nishi. Dandamalin bai fi tabarmar salla biyu ba. Suka zauna suka manne da juna, ƙafafu a naɗe.

Ta kira lambar agajin teku. Wata mata ta amsa, muryarta a natse, ta tambayi sunansu da inda suke da ko akwai mai rauni. Ta ce jirgin sama ba zai iya tashi cikin wannan hazo ba. Jirgin ceto zai taso daga gaɓa, amma zai ɗauki minti hamsin, wataƙila fiye. Kada su sauka kome ya faru.

Shamsiya ta leƙa ƙasa. Matakin farko ya nutse. Tana kallo na biyu ya bi shi.

Sai idonta ya faɗa kan shingen da ta jingina da shi. A sandar tsakiya, daidai kafaɗarta, wata ciyawar teku ce ta naɗe, baƙa, mai ƴan ƙwayoyi kamar inabi. Ba ta bushe ba. Ta daɗe tana dubanta kafin ta yarda da abin da take nufi. A hankali ta gyara zama, ta sa bayanta ta rufe wurin.

"Bari ɓoyewa," in ji Bukari, bai ko juyo ba. "Na gani tun da muka hau. Da irinta ake lulluɓe kawa a akwati. In ta kwana biyu a waje, ƙamewa take yi kamar kilishi. Wagga ta yau da safe ce."

"Wataƙila iska ce ta jefo ta."

"Wataƙila."

Babu abin da ake ji sai ruwa yana lasar ƙarfe. Ta ji yana karatu ƙasa-ƙasa, ta bi shi. Da ya ƙare sai ya ce mata, kamar mai ba da saƙon cefane, lambar sirrin wayarsa ita ce shekarar haihuwar babbar ɗiyarsa, kuma takardun zaman iyalinsa suna cikin jakar da ke saman kabad.

"Yaya, don Allah ka daina."

"Ke kin iya iyo ko kaɗan. Ni ban iya ba. Ki riƙe abin da na faɗa miki."

Ta fashe da kuka, na haushin kanta. An faɗa mata. Sau biyu aka faɗa mata, ta ɗauki maganar ta raba biyu kamar ciniki.

Ruwa ya rage mataki biyu ya taɓa dandamalin lokacin da suka ji inji. Nesa yake, yana zuwa yana ɓacewa. Suka yi ihu har muryarsu ta dushe, hazon ya shanye ihun. Ƙarar injin ta soma yin hagu, tana raguwa. Bukari ya zaro gorar shayinsa ta ƙarfe daga aljihun riga, ya miƙe a kan gwiwa, ya shiga dukan shingen da ita. Kwang. Kwang. Kwang. Duka yake da duk ƙarfin hannun da ya shekara goma sha ɗaya yana ɗaga ƙanƙara, ginshiƙin yana amsawa har ƙasa. Injin ya mutu. Ya ci gaba da duka. Injin ya sake tashi, wannan karon yana matsowa.

Ba jirgin ceto ba ne. Wani tsohon kwalekwalen su ne, da dattijo guda a ciki, ƙanen Madam Soizic. Ita ta tsaya a taga ta ga shigarsu, da ta ga hazo ya sauko ba su fito ba, ta je ta tashe shi daga barcin rana. Bai yi musu faɗa ba, illa ya nuna musu inda za su taka. Lokacin da Shamsiya ta waiwaya daga cikin kwalekwalen, ruwa ya riga ya fara shimfiɗuwa a kan dandamalin.

A gidan tsohuwar aka ba su barguna da miyar kifi mai zafi. Le Guen ya zo, fuskarsa ta yi fari, ya ba da haƙuri ya ƙara. Ya ce babbar cikowar teku ce ta wannan mako, ba kullum ake samun irinta ba, ranar da shi ya je ƙarama ce. Ya ce za a duba allon bakin hanyar. Madam Soizic tana wanke kwano, ba ta juyo ba.

Ranar Laraba Shamsiya ta koma biro a Lyon, ta rubuta rahoto shafi uku. Madam Inès ta karanta a tsaye, ta cire tabarau, ta rungume ta, abin da ba ta taɓa yi ba. Suka soke dutsen daga shirin. Suka rubuta wa kwamitin tsibirin da hukumar yankin wasiƙa, da hoton kwarin da na ginshiƙin. Kwamitin ya amsa cewa za a tattauna a zama na gaba. Hukumar ta amsa cewa wasiƙar ta iso.

A watan Mayu ta kai ɗaliban da kanta. Suka hau hasumiya, suka ci sardin gasasshe a bakin tasha, suka yi hotuna a gaban shuɗɗan ƙofofi. Allon yana nan yadda yake, da awa ukunsa. Lokacin da ruwa ya janye, samari biyar suka nufi gangaren suna dariya, suka tarar da ita zaune a kan matakalar farko ta sauka zuwa yashin. Ta faɗa musu abin da ya faru, da Hausa, ba ta rage kome ba. Ɗaya ya ce ai yau rana ta fito tas. Ta ce ranar ma haka ta fito. Ba ta tashi daga wurin ba sai da teku ya dawo.

Tsakiyar watan Yuni, wata Alhamis da hantsi, wayar biro ta yi ƙara. Madam Soizic ce. Ba ta tsaya gaisuwa ba. Ta ce wani mai ɗaukar hoto ya zo shi kaɗai daga Nantes ranar Litinin, ya shiga yashi tana asibiti a gaɓa ana duba mata ido, ƙanenta kuma ya fita su. An tsinci jakarsa a rataye a shingen dandamalin. Shi ana nemansa har yanzu. Jiya aka cire allon, aka ɗaure igiya a bakin hanyar.

Shamsiya ta yi mata godiya, ta ajiye wayar. Taram, jirgin cikin gari, ya wuce a waje, tagar biron ta yi ƴar rawa. Ta san Bukari bai daɗe da dawowa daga aikin dare ba, yanzu yana barci. Duk da haka ta kira shi, ta bar wayar tana ƙara har ya ɗauka.